Gawayi Mai Sheƙi

Ban gaji kasuwanci ba. Mahaifina manomi ne a wani ƙauye kusa da Mallawa, abin da ya bar mini hauya ce da gona mai rairayi. Na fara da awon wake da tiya a kasuwannin ƙauye, ina ɗora buhu a kan jaki, daga baya a kan moto, wato babur, har Allah ya ba ni ƴar mangaza, wato shagon ajiye kaya da sayarwa, a Magariya. Da samarinmu suka fara kwarara arewa neman zinariya, can wajen Jado, ban ɗauki shebur na bi su ba. Na lura duk wanda zai tafi sai ya yi sayayya kafin ya hau mota: bash, wato tamfol, da tiyo, igiya, fitilar goshi, takalmin roba. Sai na rage wake, na cika mangazata da waɗannan.

Sau ɗaya na je can da ƙafata, don ba na son sayar da abin da ban san aikinsa ba. Da farko mutanenmu dutse suke fasawa, su niƙa, su wanke, abin da ido ya gani su ɗauka, ƙasar da ta rage su watsar. Sai wasu ƴan Sudan suka zo suna sayen wannan ƙasar da aka watsar. An yi musu dariya sosai kafin a gane cewa abin da ya rage a cikinta ba kaɗan ba ne. Rami ake haƙawa mai faɗi, a shimfiɗa bash, a zuba ƙasar, a kwarara mata ruwan magani. Maganin guba ne, siyanur ake ce masa, tsuntsu in ya sha nan take yake faɗuwa. Shi ke narkar da zinariyar da ido ba ya gani, ta bi ruwa yadda gishiri ke bin miya. Ruwan sai ya bi tiyo ya shiga ganguna da aka cika da gawayi, ya ratsa su ya fito, a sake mayar da shi kan ƙasar. Gawayin nan shi ke tare zinariyar ya riƙe. Idan ya ƙoshi sai a kwashe a shanya, a ƙone shi ya zama toka, a narkar da tokar, sai ka ga ɗan curi ya kwanta a gindin kasko.

Ba gawayin shayi ba ne. Da ɓawon kwakwa ake yinsa a ƙasashen waje, ƙanana-ƙanana kamar tsakin dawa, yana iso mana ta Kano. Masu aikin sharbon suke ce masa. Wani dattijo ɗan Sudan ne ya nuna mini halinsa. Ya ɗora ƙwaya ɗaya a leɓena, ta manne. Ya zuba kaɗan a kofin ruwa ya ce in kara kunne, na ji yana tsuwwa kamar ana suya daga nesa. Da gurguwar Hausarsa ya ce mini kowace ƙwaya cike take da ƙofofin da ido ba ya gani, kuma yunwa gare su, duk abin da suka fara samu shi za su haɗiye. Kada in ajiye shi kusa da fetur, ko sabulu, ko turare, ko mai. In ya ci wani abu kafin ya haɗu da zinariya, to ya ƙoshi ke nan, za ta zo ta wuce shi yana kallo.

Da na dawo gida sai na gina masa ɗaki shi kaɗai, nesa da bidon ruwa-ruwa, jarkokin fetur ɗin bakin hanya da ke cike da unguwarmu. Matata ta ce ita tana roƙon a yi mata rumfar girki tun bara, ga gawayi ya zo jiya ya samu ɗaki da kwaɗo.

Matsalar gawayin nan ɗaya ce: ba shi da kyan gani. Toka-toka ne, ga ƙura, ka sa hannu ya ɓata maka hannun riga. Mu kuwa mutane ne da ke sayen kaya da ido.

Akwai wani Alhaji a garinmu, babban dillalin wake, mai mangazu da kamiyoyi, manyan motocin kaya. Ya girme ni, ya fi ni kuɗi nesa ba kusa ba, kuma a motocinsa kayana ke hawa daga bakin iyaka. Da ya ga gawayi yana tafiya sai shi ma ya shigo. Ban ji haushi ba, kasuwa ba ta mutum ɗaya ba ce. Abin da ya ba ni mamaki shi ne nasa baƙi ne wuluk, yana sheƙi, ba ya ƙura ko kaɗan. Kafin wani lokaci masu sayen nawa suka koma ƙofarsa.

Har ƙanen matata. Shi ne shugaban wani rukunin mutanen wani ƙauye da ke ƙasar Dogo-Dogo, sun yi shekaru suna tara ƙasa a arewa, wannan karon ne za su yi mata ramin magani da kansu maimakon su sayar. Ya zo ya sayi bash da tiyo a wurina, da muka zo kan gawayi sai ya fara sosa ƙeya.

Ya ce, "Yaya, naka kamar ya kwana biyu. Ka ga na Alhaji kuwa? Sai ka ce an goge shi."

Na ce, "Gawayi za ka saya ko takalmin Salla?"

"Ai mai kyau daga ido ake gane shi."

"To ɗebo mini cikin hannu ɗaya in gani."

Ya yi dariya ya ce ya san ni, in ya kawo sai na samo masa aibi, don kishi irin na ƴan kasuwa. Na bar shi. A raina na ce wataƙila wani sabon iri ne da ban sani ba, duniya ba ta tsaya a inda na tsaya ba.

Cikin rukuninsu akwai abokina, wani Bafillace da ke noma yana kiwo a gefen ƙauyen. Ƴan shanun da nake da su a hannunsa suke shekara da shekaru, ban taɓa ƙirga su a gabansa ba. Ni kakana Babarbare ne, don haka tsakanina da shi babu gaisuwa sai tsiya. In ya shigo mangazata, tun daga ƙofa yake cewa, "Ina bawan nan nawa? Tashi ka shimfiɗa wa ubangidanka tabarma." Ni kuma in ce a ɓoye ƙwaryar fura, ga yunwa ta shigo da ƙafarta.

Wata muguwar shekara ta cinye masa garke. Abin da ya rage masa da za a kira nasa saniya ɗaya ce, ita ma ba tasa ba ce. Habbanaye ce, wato saniyar da ɗan'uwa ke ba wanda ya rasa, ta zauna a hannunsa ta haifa masa, ya riƙe ƴaƴan ya mayar da uwar. Kawunsa ne ya ba shi. A wurinsu babu amanar da ta kai wannan nauyi. Mutum ya gwammace ya kwana da yunwa da a ce habbanaye ta rame a hannunsa.

Rashin garken nan ne ya sa ya yarda ya bi su arewa, ya bar shanun a hannun ƙanensa. Ba haƙa zai yi ba, bayansa ba ya ɗaukar wannan. Aikinsa tsaron gangunan gawayi, don kowa ya san ba ya taɓa abin wani, kuma barcinsa barcin makiyayi ne. Ranar da za su tashi ya biyo ta wurina.

Ya ce, "In na dawo da zinariya zan saye ka daga hannun matarka, ka riƙa yi mini tatsa."

Na ce, "Kai dai kada ka ga ruwan magani ka ɗauka nono ne."

Watanni suka wuce. Wata safiya ina share ƙofar mangaza sai na gan shi ya sauko daga motar kasuwa, da ɗan ƙunshinsa cikin wani buhu. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Na ɗaga murya na ce, "A'a, mai zinariya ya dawo! Ina raƙuman da suka ɗauko ta?"

Ya tsaya ya cire takalmi, ya ce, "Ina kwana, Malam."

Tun da muke bai taɓa ce mini Malam ba. Na ajiye tsintsiyar.

Ya ajiye buhun a bakin ƙofa, muka zauna, ya ba ni labari a hankali yana kallon ƙasa. Kafin su fara, wani ɗan Sudan ya gwada musu ruwan da ya fito daga ramin, ya ce ƙasarsu mai kyau ce, zinariya ta narke ta biyo ruwa. Suka yi ta juya ruwan cikin ganguna har lokacin da aka ce ya isa. Suka kwashe gawayin suka ƙone, suka narkar da tokar. Abin da ya kwanta a kasko bai kai ƙwayar gero ba. Mutane suka kalli kasko, suka kalli juna, sannan duk suka juyo suka kalle shi. Ƙasa mai kyau ce, ruwa ya ɗauko, to ina ta tafi? Wa ke kwana a gindin ganguna? Suka ce ya kwashe gawayin da ya ƙoshi ya sayar, ya zuba musu sabo. Suka zazzage kayansa, suka kwance masa rawani a gaban mutanen wasu garuruwa. Ba su samu komai ba, suka ce ai ɓarawo ba ya ajiya a jikinsa. Tunda a ganinsu an riga an tatse ƙasar an sace, sai suka sayar da tulin da ramin da ruwan da ke ciki ga ƴan Sudan a kan abin da zai kai su gida.

Da suka iso ƙauye ba su ko huta ba. Da rana tsaka suka je rugarsa suka kwance saniyar habbanaye, suka ja ta ta tsakiyar gari, suka ɗaure a ƙofar gidan ƙanen matata, kafin maigari ya zauna a kan maganar. In an tabbatar masa da laifi, za a sayar da ita a raba.

Ya ce, "Abin da ya kawo ni, ka aiko a karɓi shanunka. Wanda aka kira ɓarawo ba ya riƙe dabbar mutane."

Na ce masa ya daina wannan maganar banza. Amma gaskiya ban san abin da zan yi masa ba. Na san bai ɗauka ba, sai dai sanina ba shaida ba ne.

Matata ce ta fito da fura. Za ta tsallake buhunsa sai ta tsaya ta ce, "Baffa, me ka ƙunso mana ne, ƙuli-ƙuli? Dubi yadda kiyashi suka yi layi."

Na duba. Kiyashi ne kuwa, sun taso daga gindin bango sun hau buhun sun baƙanta bakinsa. Ya ce babu abin ci a ciki, riga ce da bargo da buta. Buhun ma na gawayin ne, da aka juye shi a ganga ya ɗauka ya zuba kayansa.

Kiyashi ba sa bin gawayi. Shekaru ina ajiye shi ban taɓa ganin ko ɗaya a ɗakin ba. Na zazzage kayan, na juya buhun, na kakkaɓe ƙwayoyin da suka maƙale a ɗinki a tafin hannuna. Na ɗora ɗaya a leɓe, ta zame ta faɗi. Na murza su a takardar siminti, takardar ta yi tabo. Na ce matata ta kawo ruwan zafi a kofi, na zuba su, na kara kunne, shiru. Da na duba sai ga idon mai yana yawo a saman ruwan. Na shinshina. Man gyaɗa.

Ba sai an faɗa mini yadda aka yi ba, don sana'ata ce ta fari. Duk dillalin wake ya san in za ka ajiye wake sai ka ɗan zuba masa man gyaɗa ka cuɗa, ƙwaro ba ya kama shi, kuma ya yi kyan gani a tiya. Ni ma na yi haka da hannuna shekaru, kuma a wake ba ha'inci ba ne, gyara ne. Wannan gyaran aka yi wa gawayi. Aka cika masa ciki da mai tun a Magariya, ya je arewa a ƙoshe. Zinariyar mutanen nan ba ta je ko'ina ba. Ta yi ta shiga ganga tana fita tana komawa rami, kuma tana cikin ruwan da suka sayar da kuɗin mota.

Ban ko sa hula ba na tafi wurin Alhaji. Na same shi a rumfarsa ana auna masa wake. Na gaishe shi yadda ya kamata, na ce ina son magana, ya sallami mutanensa.

Na ce, "Alhaji, gawayinka mai ake sa masa?"

Ya yi murmushi irin na wanda aka gano dabararsa. Ya ce, "Sai yau ka gane? Masu saye ne suka yi ta kukan ƙura, na ce a yi masa yadda ake yi wa wake. Kuma mai na gaske nake sawa, na matan gida, ba na bakin hanya ba."

Har da alfahari ya faɗa. Na yi masa bayani tun daga leɓe har zuwa kasko, na ba shi labarin Bafillacen da saniyar. Murmushin ya tafi. Ya daɗe yana jan carbi. Na ɗauka zai ce innalillahi, ya tashi mu tafi ƙauyen. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Wa ya sani bayan ni da kai?"

Na ce, "Matata, da mutumin da aka kwance wa rawani."

Ya ce daga yau an daina sa man. Shi ba da mugunta ya yi ba, Allah shaida. Na ce na yarda, ban ce da mugunta ya yi ba, shi ya sa faɗar ba za ta yi masa wuya ba. Ya ce ban gane ba, ba rukuni ɗaya ya sayar wa ba, in maganar ta fita duk wanda ya dawo hannu wofi zai zo ƙofarsa, har wanda ƙasarsa ba ta da komai tun asali. Ya ce a bar su su sayar da saniyar, shi zai saya wa mutumin wata a ɓoye, wadda ta fi ta ma.

Na ce, "Alhaji, habbanaye ce. Ba a musanya ta. Kuma sunan ɓarawon fa, a wace kasuwa za ka sayo masa wani?"

Ya ce, "Haba, mutumin da ke zaune a daji da shanu, wa ke jin sunansa?"

Na yi shekaru a kasuwa, an cuce ni, an zage ni, an riƙe mini kaya a duwan, wurin ƴan kwastan, ba dalili, ban taɓa jin abin da ya tafasa mini zuciya kamar wannan maganar ba. Mutum yana zaune a kan kilishi yana auna sunan wani da tiya, ya ga bai cika ba. Na miƙe. Ina sa takalmi ya ce, a hankali, in tuna a motar wa kayana ke hawa. Na ce na tuna, sai an jima.

Ranar zaman na hau moto na tafi ƙauyen da gawayi iri biyu, nawa da wanda na aika aka sayo mini daga ragowar na Alhaji, da kofunan shayi, da gorar soɓo da matata ta dafa ba sukari. Na tarar goron Alhaji ya riga ni isa. Daga yadda dattawa suka amsa gaisuwata na gane. Aka zauna a inuwar ƙofar maigari da hantsi. Abokina yana gefe ɗaya da kawunsa, mai saniyar, wani tsoho siriri da ya dogara da sanda. Ƙanen matata da mutanensa suna ɗaya gefen. Maigari ya ce tunda babu shaida, sai dai a ɗauko Alƙur'ani wanda ake zargi ya rantse. A wurinmu ko mai gaskiya ne ya dafa, mutane ba sa mantawa, za su yi ta jiran ranar da ciwo zai kama shi su ce ga ta nan.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni dama kafin a kai ga haka."

Wani dattijo ya ce ni ba ɗan garin ba ne. Na ce shanuna ƴan garin ne, kuma a hannun wanda ake zargi suke.

Na zuba soɓo a kofi biyu. Na sa gawayina a ɗaya, na Alhaji a ɗaya, na miƙa wa ƙanen matata na ce ya kara kunne. Ya ce wannan yana kuka, wannan shiru. Na ce ya riƙa kaɗa su da kansa, kada a ce na yi wani abu. Aka dafa shayi aka sha zagayen farko, aka sha na biyu. Kofin da ke da gawayina ya kwashe jan soɓon, ruwan ya koɗe har kana hango yatsanka ta bayansa. Ɗayan yana nan ja wur, ga idon mai a sama. Na ce abin da ya kasa riƙe launin soɓo, da me zai riƙe zinariya? Na ce kowa ya shinshina. Kofin ya zagaya. Babu wanda bai san ƙanshin man gyaɗa ba a wurin, dukansu manoman gyaɗa ne.

Ƙanen matata ya riƙe kofin yana kallo. Can ya ce, "Yaya, to ƙasar da muka sayar?"

Na ce, "Tana nan da abinta. Ƴan Sudan gawayinsu ba ya sheƙi."

Ya zame daga kan benci ya zauna a ƙasa. Ɗaya daga cikin mutanensa ya ɗora hannu a ka. Na ji tausayinsu, shekarun wahalarsu ne suka bayar da hannunsu. Amma na jira in ji wani ya juya ya ce wa abokina ka yi haƙuri. Babu wanda ya juya. Asararsu suke kuka, shi kuwa kamar ba ya wurin.

Dattawa suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus. Maigari ya ce abin ƙaddara ne, babu wanda ya yi da gangan, kada a kama sunan kowa, kada maganar ta wuce inuwar nan. Saniya kuwa, bayan magariba a mayar da ita rugar a hankali, shi ke nan an rufa wa kowa asiri.

Na ce, "Ranka ya daɗe, asirin wa aka rufa? Da rana tsaka aka ja ta, mata suna leƙe ta kan danga. In ta koma a duhu, gobe cewa za a yi an sasanta, ɓarawo ya samu masu roƙa masa."

Maigari ya ce na faye zafi. Wani ya ce kishin Alhaji ne ke cina, ina son in kashe masa kasuwa. Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai tsohon nan mai saniyar ya buga sandarsa a ƙasa. Da ƙyar ake jin muryarsa.

Ya ce, "Saniyata ba ta tafiya a duhu. Dabbar da ke tafiya a duhu ta sata ce. In ba za ku mayar da ita ta hanyar da kuka ɗauko ta ba, ku riƙe ta, ni zan je wurin jandarma in ce an kwance mini saniya, kuma na san ƙofar da take ɗaure."

Maigari ya ce to, gobe da rana a mayar da ita. Babu mai son jandarma ya shigo ya fara tambayar wa ya sayar da me.

Washegari ranar kasuwar ƙauyen ce. Ƙanen matata ya kama igiyar saniyar da hannunsa, ya ratsa ta cikin masu awo da masu nama, ni ina biye da moto a hankali don kada ya yanke ta bayan gari. Duk wanda ya tambaye shi ina zuwa, sai ya ce, "Mayar da ita zan yi. Ba shi ya ɗauka ba." Da farko a ciki-ciki yake faɗa, har wata mai ƙosai ta ce ya ɗaga murya, ranar da ya kira mutum ɓarawo ai har bakin rijiya an ji shi. In an tambaye shi to wa ya ɗauka, sai ya ce gawayi ne bai yi kyau ba. Sunan Alhaji bai fito daga bakinsa ba, ko sau ɗaya.

Daga bakina ya fito. Na ajiye kofi biyu a kan teburin mangazata, duk wanda ya zo sayen gawayi sai na yi masa gwajin, in ya tambayi na wane ne mai man, in faɗa masa. Motocin Alhaji suka daina ɗaukar kayana, na koma biyan wasu da tsada. Wasu manyan kasuwa suka daina amsa mini sallama da baki, sai da hannu. Aka aiko mini da wani malami ya yi mini nasiha a kan tona asirin Musulmi. Na tambaye shi ko mutumin da aka kwance wa rawani a gaban baƙi ba Musulmi ba ne, ya ce wannan wata magana ce daban. Shi kuwa Alhaji ya bar sayar da gawayi, yana gaya wa mutane wai ya duba ya ga sana'ar ba ta da albarka. Bai taka ƙauyen ba, bai aika wa kowa da kalmar haƙuri ba. Har yau in an yi ɗaurin aure shi ake fara miƙa wa goro.

Abokina bai sake zuwa arewa ba. Bai mayar mini da shanuna ba, amma ya daɗe yana ce mini Malam, in ya zo gari ya tsaya daga ƙofa ya cire takalmi. Duk tsiyar da na yi masa sai ya yi ɗan murmushi ya kawar da kai. Wannan ya fi asarar motocin Alhaji ci mini rai.

Da damina ta kama, saniyar ta haifi maraƙa mace. Da aka yaye ta, ya kai uwar gidan kawunsa da ƙafarsa, da kitsenta, da rana. A hanyar dawowa ya biyo ta Magariya. Ina cikin fama da wani saurayi da ke juya gawayina a tafin hannu yana tambayar ko ba ni da irin mai sheƙin nan, sai na ji murya daga ƙofa.

"Kai bawan nan, har yanzu toka kake sayar wa mutane? Tashi ka shimfiɗa wa ubangidanka tabarma."

Na ce wa saurayin ya jira, ko ya je ya nemi mai sheƙin inda ake sayarwa. Na ɗauko tabarmar.